Bangon Gabas

Sifaniya,
12 ga Janairu.

Zuwa ga Kaka Barau, ladanin masallacin Malam Abdulmuttalib, Gafasa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matata Bara'atu da ka ƙwace mini tun ban iya tafiya ba. Ya ƙafa? Ya kunne? Tunda ka ce in an kira ka a waya sai ka ji kamar daga rijiya ake magana, na koma takarda. Zan riƙa rubutawa da hannu, in tura hotonta ga Abdulsalam mai kemis a Gaya, ya buga maka, ka karɓa ranar kasuwa. Ni ne dai Mus'ab, jikan Hajo 'yar baffanka, wanda ya taɓa karya maka sanda wajen kaɗo kanya.

Ina lafiya lau, sai sanyin da ban san Allah ya halicci irinsa ba. Wata bakwai ke nan da na baro birni na samu aikin kiwo a wani ƙauye. Tumaki ɗari shida nake bi, ni da karnuka biyu. Sunan ƙauyen ba zan rubuta maka ba, kada ka zubar da sauran haƙoranka wajen faɗinsa. Mutanensa ba su kai ɗari da hamsin ba, yawancinsu tsofaffi, amma coci biyu gare su, kuma labarin babban nake so in ba ka.

Kaka, da ƙasa aka gina shi. Jar ƙasa irin tamu, an daddaɓe ta, kaurin bangon ya kusa gaba guda. Sun ce ya haura shekara ɗari biyar. Kullum ta gefensa nake wucewa da tumaki, ran nan dai na kasa haƙuri. Limamin cocin, wanda suke kira Fada, sau biyu a wata yake zuwa, saboda haka mabuɗin yana hannun wata tsohuwa, Donya Eusebiya, duk baƙon da ke son gani sai ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na ce mata ni Musulmi ne, ginin nake so in gani. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in karkaɗe takalmina tukuna, sannan ta ɗauko wani mabuɗi mai tsawon ludayi.

Da na ɗaga kai a ciki sai da na dafa bango. Rufin na katako ne, an saƙa shi taurari-taurari, wannan ya shige cikin wancan, ba ka gane inda ɗaya ya fara. Tsohuwar ta ce kafintoci Musulmi ne suka yi shi, waɗanda suka rage a ƙasar bayan mulki ya bar hannunsu. Na yi ta kallo har wuyana ya ƙage. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma ji kewar gida, don sanyin wurin da ƙamshinsa irin na masallacinka ne sak.

Shi ya kawo ni ga tambaya. Innata ta ce ana maganar rushe masallacin. Da gaske ne? Ka gaya mini yadda ake ciki.

Jikanka,
Mus'ab.

*

Gafasa,
2 ga Fabrairu.

Zuwa ga Mus'ab ɗan nema,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, kunne yana nan yadda ka san shi, abin da ya ga dama yake ji. Bara'atu ta ce ta gaji da jira, mijin da ya tafi kiwon tumakin Turawa ba miji ba ne. Haƙorana kuwa goma sha ɗaya ne, kuma duk suna bakin aiki.

Wato ka tsallake sahara da teku don ka je ka leƙa coci. Madalla. Da wani ne ya ba ni labari da na ce an yi mana asarar yaro, amma na san ka, tun kana ƙarami ba ka wuce ramin ɓera ba ka zura hannu ba.

Abin da uwarka ta gaya maka haka yake. Bangon gabas, wanda ruwan sama ke duka, ya tsage tun daminar bara, tsagar tana cin hannu har wuyansa. Alhaji Sagiru, ɗan garin nan da ke kasuwanci a Kano, ya ce zai rushe masallacin ya gina mana na bulo, da kwano da tayil da fanka. Ban ce yana da mugun nufi ba, lada yake nema. Samari duk sun bi shi, su fanka suka ji. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya ina kiran salla a kan matakalar da kakana ya gina da hannunsa, kakan da Hajonku ma ta fito daga tsatsonsa. In aka rushe shi ban san inda zan sa kaina ba. Ina faɗa maka wannan ne don kai ba ka kusa, ba za ka ga idona ba.

To, takardarka ta yi mini rana. Bayan la'asar na tsayar da jama'a na karanta musu ita, na dai tsallake wurin haƙora. Na ce, ku ji fa, Nasara da suka ƙera jirgin sama sun riƙe ginin ƙasa shekara ɗari biyar, mu namu bai cika ɗari da ashirin ba muna neman gatari. Dattawa suka shiga shawara, suka yanke cewa an ba ni damina ɗaya. In na gyara shi ya fita daminar bana lafiya, ya zauna. In ya sake tsagewa, bayan girbi Sagiru ya kawo mutanensa, kuma ban da ja-in-ja. Na yarda a gaban kowa.

Saura kai. Ka ajiye sandar kiwon nan ka je ka zagaya cocin, ka duba mini abin da suke yi masa da ruwa ba ya cin sa. Kada ka kawo mini labarin taurari, sirrin bangon nake so.

Kakanka da ya fi ka mata,
Barau.

*

Sifaniya,
10 ga Maris.

Kaka Barau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da duk mutanen gida. Na yi mura ta kwana biyar, ta wuce. Tumaki suna ta haihuwa, shi ya hana ni rubutu da wuri.

Ka ce ban da taurari, to ka yi haƙuri, sai na ba ka labarin sauran abin da na gani, don ba ni da wanda zan gaya wa da Hausa. Ƙaramin cocin yana kan tudu a bayan gari, ɗaki ɗaya ne tak, fari fat, gonakin alkama sun kewaye shi. Sau ɗaya a shekara suke buɗe shi, ranar kuwa har waɗanda suka yi ƙaura zuwa birni sai sun dawo, a ci abinci a gindinsa. Daga can kana hango gari duka kamar a faifai. A hanyar zuwa akwai wata gadar dutse mai baki uku, ba wanda ya san shekarunta, amma tarakta tana bi ta kai ko gezau.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne gidajen tattabaru. A bakin gonaki suke, na ƙasa, zagayayyu kamar rumbu, sai dai kowanne ya fi zaurenka girma. Na shiga ɗaya, bangon ciki duk ramuka ne a jere tun daga ƙasa har sama, kowace tattabara da ɗakinta, sun fi dubu. Kashinsu ake kwasa a kai gona. Na tsaya ina cewa, mutanen da suka yi wa tsuntsu irin wannan gini ai ba ƙananan magina ba ne. Hasumiyar babban cocin kuma shamuwa ce ta gaje ta, wata fara mai jan baki, ta fi tamu girma. Sheƙa huɗu na ƙirga, kowacce ta kai gadon kara. Ana kaɗa ƙararrawa a ƙarƙashinsu, ko kai ba sa ɗagawa.

Yanzu ga aikenka. Na zagaya cocin sau uku. Gefe uku yaɓen ƙasa ne da bambaron alkama, kamar namu. Amma bangon da ruwa ya fi duka, an shafe shi da siminti tun daga ƙasa har ya wuce tsayin mutum biyu, na ƙwanƙwasa shi, tauri kamar dutse. Ina jin ko shi ne sirrin. Sai dai zato nake, Kaka, ban tambayi kowa ba. Donya Eusebiya ta tafi birni wurin 'yarta a duba mata ido, sauran tsofaffin kuma in sun yi magana da sauri ba na kama ko rabi. Bari ta dawo in tambaye ta, in rubuto maka.

Ka gaida matata.

Mus'ab.

*

Gafasa,
15 ga Afrilu.

Mus'ab,

Salamu alaikum. Lafiya muke, sai zafi. Allah ya ƙara sauƙin murar, ka riƙa shan citta in suna da ita.

Albishirinka. An gama. Wace tambaya kuma za ka tsaya yi wa tsohuwa mai ciwon ido, bayan ka gani da naka idon? Damina ba ta jiran kowa. Ranar da na karɓo takardarka a Gaya ban ko tsaya cin kasuwa ba, na hau babur na dawo. Na aika wa Sagiru cewa tunda lada yake so, ya ba mu siminti. Ya yi dariya ya aiko da shi har da mai shafe. An cike tsagar, an kafa ƙusoshi a bango don ya kama, an shafe masallacin ciki da waje, bangon gabas har ninki biyu. In ka gan shi yanzu sai ka ce ofishin gwamnati. Samarin da ke son fanka ma sun zo suna shafa shi da hannu.

Mutum ɗaya ne ya ɓata mini rai, Muhammad Bashir, tsohon maginin nan da ke jagorantar gayyar yaɓe duk shekara, shi da ubansa kafin shi. Ya zo ya tsaya da sandarsa ya ce, Barau, kada ka yi, bangon ƙasa numfashi yake yi, in ka toshe shi zai ruɓe daga ciki. Wai a buɗe tsagar a ɗinke ta da azara, a yi yaɓe da ƙasa da ciyawa da ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, kamar yadda aka saba. Na ce yadda aka saba ɗin ne ya kawo mu ga tsaga. Ya sake magana, ni kuma ka san bakina. Na ce masa a gaban mutane, Turawan da suka riƙe nasu shekara ɗari biyar siminti suka sa, jikana ya gani, kai kuwa iyakarka Ajingi. Ya dube ni, ya juya. Tun ranar a masallacin ƙofar gari yake salla. Ya daɗe bai zo ba. Bana dai ba gayyar yaɓe, kowa ya huta da cuɗa ƙasa.

Ka yi mini aikin da ɗan cikina bai yi mini ba. Allah ya yi maka albarka. Na yafe maka sandata.

Barau.

*

Sifaniya,
7 ga Mayu.

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Don Allah ka karanta wannan a zaune, ka karanta ta har ƙarshe.

Na yi kuskure, kuma babba. Ranar Litinin wasu ma'aikata suka zo suka kafa katakai a jikin cocin, suka hau da guduma da kurfi suna ɓamɓare simintin nan. Donya Eusebiya ta dawo, ta kama hannuna ta kai ni wurin injiniyar da ke kula da aikin, ta ce ta yi mini bayani a hankali. Matar ta ce shekara sittin da suka wuce aka shafa shi, da niyyar alheri, kuma shi ne ya kusa kashe ginin. Danshi yana hawa bango daga ƙasa, ruwa yana shiga ta ƙananan tsagogi, siminti ya hana shi fita. Ta sa na zura hannu a inda suka buɗe. Kaka, ƙasar bayan ta zama gari, na damƙo ta tana zuba ta tsakanin yatsuna. Gefe ukun da na raina, masu yaɓen ƙasa da bambaro, su ne lafiyayyu. Tsohuwar ta ce tana yarinya duk shekara gari ke fitowa a yi yaɓen, maza na cuɗawa mata na kawo ruwa. Gayya dai irin tamu. Sirrin ke nan, ba wani.

Duk abin da Malam Muhammad Bashir ya gaya maka, shi injiniyar ta gaya mini, har maganar numfashin.

Na ce maka zato nake, amma bai kamata in rubuta zato ga mutumin da ke jiran amsa ba. Laifina ne. Ka je wurinsa yau, ka ba shi haƙuri, ka ce ni na ɓatar da kai. Ku ɓamɓare simintin kafin ruwa ya sauka, ko na bangon gabas kaɗai. Akwai sauran lokaci.

Mus'ab.

*

Sifaniya,
22 ga Yuni.

Kaka Barau,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mako shida ke nan ba amsa. Na kira Abdulsalam, ya ce da hannunsa ya miƙa maka takardar, kuma ya gan ka a kasuwa sau biyu bayan nan, lafiyarka ƙalau. Innata ta ce ruwa ya sauka, an yi shuka. In fushi kake da ni, ka yi, na cancanta, amma ka gaya mini an cire simintin ko ba a cire ba. A nan sun gama ɓamɓarewa, sun fara yaɓe. Kullum in na wuce sai in tuna masallacinka.

Mus'ab.

*

Gafasa,
27 ga Agusta.

Mus'ab jikana,

Wa alaikumus salam. Jikinmu lafiya, gero ya yi kyau, Bara'atu tana gaishe ka. Ba fushi nake da kai ba. Kunya ce ta hana ni rubutu.

Takardarka ta bakwai ga Mayu ta same ni a kan lokaci. A gaban kemis ɗin na karanta ta, na sake karantawa, na ninke ta na sa a aljihu. Ban nuna wa kowa ba, ko Bara'atu. Na ce a raina, ni Barau, in koma gaban mutanen da na yi wa kirari da Turawa in ce a kawo guduma? In je in durƙusa wa wanda na ce iyakarsa Ajingi? Na ce bari dai a ga damina ɗaya, na cocinku ai sai da ya shekara sittin. Na manta nasu ba a kan tsaga aka shafa ba, kuma ruwansu ba irin namu ba ne. Kullum in na hau kiran salla takardar tana aljihuna, ina jin ta.

Makon jiya aka kwana uku ana ruwa. Ranar Talata da hantsi, Allah ya taimaka ba kowa a ciki, simintin bangon gabas ya ɓallo gaba ɗaya kamar murfin tukunya, ya taho da rabin bangon. Ƙasar da ke bayansa ta jiƙe sharkaf, sai ka ce tuwon da ya kwana a ruwa. Ina gona aka kira ni.

Amma ka ji abin mamaki. Rufin bai motsa ba. Bakan gizo biyu, lanƙwasassun ginshiƙan da suka ɗauke shi, suna nan tsaye, da rabin bango a ƙarƙashinsu. Inda ya buɗe, na ga tubalin asali a jere, kowanne da shatar yatsun wanda ya mulmula shi. Shekara talatin da ɗaya ina shiga ina fita ban san irin ginin da aka bar mini ba sai da na fasa shi. Na sa hannuna a kan shatar nan, na yi kuka, mutane suna kallo.

Bayan azahar, a waje muka yi ta, na tashi na fito da takardarka na karanta wa jama'a duka, har da kwanan watan, don kada wani ya ce yaron Turai ne ya cuce mu. Ka cire wannan daga ranka. Kai zato ka yi, ka kuma gyara. Ni na sani na ɓoye. Daga nan na wuce gidan Muhammad Bashir, na tsuguna a zaurensa na faɗa masa komai. Da na gama ya ce, da ka kawo mini ita ranar da ta zo, kwana huɗu sun ishe mu. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuwa da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Dattawa sun zauna. Alkawari alkawari ne, kuma ni na yarda da shi da bakina. Bayan girbi Sagiru zai kawo mutanensa. Bai yi mini dariya ba, har gida ya zo ya yi mini jaje, Allah ya saka masa.

Shekaranjiya da safe na fito na tarar da Muhammad Bashir a gindin bangon, ya naɗe wando, ya sa an kawo ƙasa kura biyu da damin ciyawa, yana cuɗawa da ƙafa, mutumin da ya ba saba'in baya. Na ce, Malam, ba ka ji hukuncin ba ne? Rushe shi za a yi. Ya ce, na ji, gawa ma ai ana yi mata wanka kafin a kai ta, ɗauko ruwa.

Na ɗauko. Kwana uku ke nan muna yi, mu biyu, jiya mutum huɗu suka ƙaru. Ya ce in ruwa ya ɗaga mana ƙafa za mu rufe bangon kafin gero ya nuna. Hannuna duk ya farfashe, shi ya sa ka ga rubutun haka.

Ka yi mana addu'a. Wassalam.

Kakanka,
Barau.